Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Editoci Da Masu Gabatar Da Shirye-shirye: A Daina Yi Wa Sauya Ƙwayoyin Gado Kuɗin Goro

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan yadda kuke kawo mana labarin abin nan da ake kira GMO, wato shuka ko dabba ko bakteriya da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado. Kusan duk shirin da aka yi a kai fasali ɗaya yake ɗauka. A gayyato mutum biyu, ɗaya ya rantse guba ce da aka shirya don a hana mutane haihuwa, ɗayan ya ce da ita za a kori yunwa daga doron ƙasa, sannan a buɗe layin waya a yi ta musu har lokaci ya ƙare. Mai sauraro ya tashi ko da tsoro ko da ɗoki. Amma ka tambaye shi me aka sauya, a jikin me, don me, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Tambayar da kuke ɗora shirin a kanta, "guba ce ko albarka", ita ce ba ta amsuwa, domin abubuwa daban-daban kuka tara a ƙarƙashin suna ɗaya kuka yi musu kuɗin goro.

Ga abin a taƙaice. Kowace ƙwayar jikin mai rai tana ɗauke da wani dogon zare da ake kira DNA, rubutu ne da haruffa huɗu kacal, kuma na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3. Guntun wannan rubutu da ke ba da umarnin haɗa furotin guda shi ne ƙwayar gado, muna da kimanin 20,000 irinsu. Abin mamakin shi ne haruffan iri ɗaya ne a jikin mutum da na masara da na bakteriya, shi ya sa in an ɗauki umarni daga wannan aka kai wancan zai iya karantawa ya yi aiki da shi. A 1973 ne Herbert Boyer da Stanley Cohen a Amurka suka fara yanko guntun DNA suka dasa a cikin bakteriya, ta karɓa ta ci gaba da hayayyafa da shi. Su kansu masanan abin ya razana su, har suka dakatar da wasu gwaje-gwajen da kansu, suka taru a Asilomar ta jihar Kalifoniya a 1975 suka shata wa kansu iyaka. Saboda haka tsoron ba daga jahilai ya faro ba, kuma wanda ya ji tsoro yau bai cancanci a yi masa dariya ba.

To amma ku dubi abin da aka fara yi da dabarar. Kafin shekarun 1980, mai ciwon suga da ke buƙatar allurar insulin daga jikin shanu da aladu ake tatso masa ita, daga wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi, ana bi mahauta ana tarawa. A 1978 kamfanin Genentech ya saka umarnin haɗa insulin irin ta mutum a cikin bakteriya, a 1982 aka amince a fara sayarwa. Yau kusan duk insulin da ke hannun marasa lafiya a duniya bakteriya ko yis da aka sauya wa gado ne suka haɗa ta a cikin manyan tankuna. Haka rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, tun 1986 daga irin wannan yis ɗin yake fitowa. Ban taɓa jin kun kira mai ciwon suga kun tambaye shi ra'ayinsa a kan GMO ba, alhali shi ne yake soka ta a cinyarsa kowace safiya.

Rigimar ta fi zafi a kan shuka, don haka bari mu tsaya nan. Akwai wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, ana taƙaita ta da Bt. A Japan aka fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma tun shekarun 1930 manoma a Faransa suke fesa ta a gona. Har yau masu noman da ke ƙin maganin ƙwari na kanti suna fesa ta da hannunsu. Abin da masana suka yi shi ne ɗauko ƙwayar gadon da ke haɗa furotin mai kashe tsutsar, suka saka a auduga da masara, ya zama ganyen da kansa yake haɗawa. In tsutsa ta gutsuri ganyen, furotin ɗin ya narke a cikinta, domin cikin tsutsa yanayin kanwa gare shi. Daga nan ya manne wa wasu gurabe a bangon hanjinta ya huda shi. Cikin sa'o'i kaɗan ta daina ci, ta lanƙwashe, bayan kwana biyu ko uku ka same ta ta yi baƙi a kan ganye. Cikin mutum kuwa tsami ne, yana narkar da furotin ɗin kamar kowane furotin, kuma hanjinmu ba shi da waɗancan gurabe da zai manne wa. Wannan ita ce amsar tambayar da masu kiran waya suka fi yi, "abin da ya kashe tsutsa ya za a yi ya bar mutum?" Tambaya ce mai kyau, amsarta ba ta wuce minti biyu, amma ba a cika ba ta wannan minti biyun ba.

An fara noma irin waɗannan a manyan gonaki a 1996, a fili hekta miliyan 1.7. Zuwa 2019 filin ya kai hekta miliyan 190 a ƙasashe 29, galibinsa waken soya da masara da auduga. A Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan ukun irin da aka sauya ne, kuma kaso mai yawa na masarar da waken a cikin kaji da shanu yake ƙarewa. Ku yi tunani a nan. Mai kiwon kaji miliyoyi yana ƙirga ƙwai ɗaya bayan ɗaya, yana auna nauyin kowace kaza, ribarsa a kan haihuwar dabbobinsa take. Da abincin nan yana kashe haihuwa, shi ne zai fara kururuwa, tun shekaru kusan talatin da suka wuce. A 2016 Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka sun bi diddigin nazarce-nazarce kusan 900, suka ce ba su ga hujjar cewa abincin da ke kasuwa na wannan nau'i ya fi sauran haɗari ga lafiya ba. Rahoton nan dai ya ce ba su ga alamar dabarar ta ƙara saurin hauhawar yabanya a faɗin ƙasar ba, abin da masu talla ba sa son a faɗa. Ku riƙa karanto mana duka biyun.

Sai hotunan ɓerayen nan masu manyan ƙari a jiki, waɗanda ake ta yawo da su a Facebook da WhatsApp, wasunku ma sun buga. Daga binciken wani Bafaranshe ne, Gilles-Éric Séralini, na 2012. Abin da ba a haɗawa da hoton shi ne nau'in ɓeran da ya yi amfani da shi ko me aka ba shi ya ci yakan yi ƙari idan ya tsufa, kuma ɓera goma-goma ya sa a kowane rukuni, adadin da ba ya isa a rarrabe illar abinci da abin da zai faru dama. Mujallar da ta buga ta janye binciken a 2013, wata ta sake bugawa a 2014. Daga baya aka maimaita gwajin na tsawon shekara biyu da kuɗin Tarayyar Turai da ɓeraye masu yawa, ba a ga abin da ya ce ya gani ba. Mai buga hoton ba tare da wannan bayani ba rabin labari ya bayar.

Kada ku ɗauka ina cewa sauya gado ba ya iya jawo cuta. Yana iyawa. A tsakiyar shekarun 1990 wani kamfanin iri ya ɗauko ƙwayar gado daga wani ɗan itace na Barazil ya saka a waken soya don ya ƙara masa amfani ga dabbobi. Da aka gwada da jinin mutanen da jikinsu ba ya jituwa da wannan ɗan itacen, sai aka ga waken ya ɗauko matsalar, aka binne aikin tun bai je kasuwa ba. A 2000 kuma wata masara mai suna StarLink, da aka amince da ita don dabbobi kaɗai, ta ɓulla a abincin mutane a Amurka, aka yi ta kwaso kaya daga kantuna. Ba a tabbatar ta cutar da kowa ba, amma ta nuna cewa hatsi ba ya zama inda takarda ta ce ya zauna. Na farko gwaji ne ya kama shi, na biyu sakaci ne ya sake shi. Shi ya sa idan jami'in hukuma ya zo ɗakinku ya ce an gwada an tabbatar, bai kamata a wuce wurin ba. Wa ya yi gwajin, kamfanin ko wani daban? A ina? Na tsawon wane lokaci? Ina sakamakon yake, ɗan jarida zai iya gani? Yarjejeniyar Cartagena, wadda ta fara aiki a 2003, ta ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu nauyin auna haɗari kafin shigo da irin waɗannan halittu da kuma sanar da jama'a. Haƙƙinku ne ku nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ihun "guba" ya danne tambayoyin da suka fi kamata a yi, kuma ina jin kamfanonin ba su ƙi hakan ba, don ƙaryata jita-jita ya fi musu sauƙi a kan amsa tambayar wa ya mallaki iri. Kuna yawan cewa irin GMO ba ya tsirowa in an sake shuka shi. Gaskiya ne a 1998 an yi rajistar wata dabara ta kashe tsiron iri, aka yi mata ca a duniya, kamfanin Monsanto ya yi alkawari a 1999 ba zai sayar ba, kuma ba a taɓa kai ta kasuwa ba. Irin da yabanyarsa ke raguwa a shuka ta biyu iri mai aure ne, wanda aka san shi tun kafin a san DNA, ko an sauya masa gado ko ba a sauya ba. Abin da ke hana manomi ajiye iri a zahiri takarda ce. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wa wani manomin jihar Indiyana, Vernon Bowman, hukunci saboda ya sayi waken soya daga rumbun 'yan kasuwa ya shuka, ya ajiye, ya sake shukawa, alhali waken yana ɗauke da ƙwayar gadon da Monsanto ya yi wa rajistar mallaka. Waken ya tsiro sarai, shari'a ce ta hana, da tarar sama da dala 84,000. A 2018 Bayer na Jamus ya saye Monsanto a kan dala biliyan 63, kuma yanzu kamfanoni huɗu, Bayer da Corteva da Syngenta da BASF, ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. Wannan shi ne abin da ya kamata ya hana mutum barci. Don haka idan aka kawo sabon iri, ku tambaya: na kamfani ne ko na cibiyar bincike ta gwamnati, manomi zai biya kuɗin mallaka, an yarda ya ajiye ya ba maƙwabcinsa? Amsar ta bambanta daga iri zuwa iri. Gwandar da ta ceci manoman tsibirin Hawayi daga wata cutar bairos a 1998, masanan jami'a ne suka samar da ita, aka fara raba irin ga manoma kyauta.

Ƙwari kuma ba sa zama su jira mutuwa. Indiya ta fara noman audugar Bt a 2002, feshi ya ragu, manoma suka rungume ta. Amma sharaɗin dabarar shi ne a bar wasu kunyoyi na auduga ta gargajiya a gefen gona, don tsutsar da ba ta da juriya ta rayu ta yi barbara da mai juriya, kada masu juriyar su mamaye. Manomi mai ƙaramar gona ba ya ganin dalilin ciyar da tsutsa da gangan, mutane da yawa ba su bari ba. Zuwa 2010 kamfanin Monsanto da kansa ya amsa cewa jar tsutsar auduga ta daina jin irin Bt na farko a jihar Gujarat, bayan 'yan shekaru ta daina jin na biyu, aka koma feshi. Burkina Faso ta shiga a 2008, feshi ya sauka daga sau shida zuwa sau biyu a damina, manoma da dama suka ji daɗi. Sai dai zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin audugar ƙasar suka watsar da ita a 2016. Ba wanda ya sha guba a can, gaggawa aka yi wajen haɗa irin waje da na gida. Haka shukar da aka yi don ta jure maganin ciyawa na glyphosate: an yi ta kwarara magani ɗaya shekara da shekaru har ciyayi suka saba da shi, an gudu gara an faɗa gidan zago. Shi kansa maganin ana jayayya a kansa, hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana jawo daji, hukumomin Turai da Amurka suka ce ba su ga haka ba a yadda ake amfani da shi. Wannan muhawara ce a kan magani, ta cancanci shirinta daban, kuma ba ta shafi audugar Bt ko gwandar Hawayi ba ko kaɗan.

Masu cewa duk wannan shisshigi ne a halitta suna da abin dubawa, kuma malaman addini ne za su yi mana fashin baƙi. Roƙona kawai a kai musu bayanin daidai kafin a nemi fatawa. A faɗa musu, misali, cewa akwai bakteriyar da tun fil azal take cusa DNA ɗinta a jikin itatuwa, ita ce ke haddasa ƙululun nan da ake gani a gindin bishiya, kuma da ita masana suka koyi dabarar. A 2015 masu bincike a Beljiyam da Peru sun gano cewa dankali mai zaƙi da ake nomawa a duniya yana ɗauke da guntayen DNA ɗin wannan bakteriya tun dubban shekaru, ba hannun kowa.

Yanzu kuma abin ya wuce gona. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara mai suna CRISPR a je daidai wurin da ake so a cikin DNA a yanka, aka ba su kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka yi da ita, Casgevy. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro mai sikila yana murƙususu, ƙasusuwa na sara, ya san nauyin wannan labari. Ga yadda ake yi: a tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin maras lafiya, a kai ɗakin gwaji a yanke wani makunni da ke kashe irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Sai a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji ya share ɓargonsa, a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara, ya yi makonni a asibiti kafin sabon jini ya kama. A gwajin da aka gabatar wa hukumar Amurka, mutum 29 cikin 31 sun shekara ba tare da ciwon ya tashi ba. Ga kuma inda maganar rashin haihuwa take da gaskiya, wancan magani mai share ɓargo yana iya hana haihuwa, kuma likitoci na faɗa wa maras lafiya tun kafin a fara. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila kowace shekara a Afirka kudu da Sahara suke. Wa zai biya? Me ake yi don kuɗin ya sauko? Ban ji an yi wannan shirin ba tukuna.

Gyaran da aka yi wa mai sikila a jikinsa yake tsayawa, 'ya'yansa ba sa gado. Akwai wanda ake gada, kuma a nan ne nake so ku zuba duk zafin da kuke ɓarnatarwa a kan masara. A watan Nuwamban 2018 wani masani a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya taɓa wa DNA tun suna ƙwai a ɗakin gwaji, wai don kada su kamu da cutar ƙanjamau. Yaran ba su da cutar, akwai hanyoyin kariya da aka sani, kuma yankan bai fito yadda ya nufa ba. Duk abin da ya canza yana iya bin su zuwa 'ya'ya da jikoki waɗanda ba wanda ya shawarce su. Masana a duniya suka yi tir, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019. Ya fito, kayan aikin kuma kullum ƙara araha suke yi, ƙasashe da yawa ba su da dokar da ta ambaci wannan aiki ko da suna. Ku kira 'yan majalisa da likitocin haihuwa ku tambaye su, idan gobe wani asibiti ya ce zai yi, wace doka ce za ta tare shi, kuma wa aka ɗora wa alhakin dubawa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara basira, ya yi wa aikinku albarka.

Wassalam,
Naku, wani mai sauraro kuma mai karatu.